Ƙanena ya ci rani tara a Sabha, a wane littafi aka rubuta shi?

Ɗan Tudun Jamus:

Assalamu alaikum. Gardama ce ta kawo ni, kuma tun daren Alhamis take cina.

Muna zaune a fada bayan an watse daga kasuwar Dole, ana jiran shayi na biyu, sai rediyo ta kawo labarin Ingila. Wai baƙi sun yi musu yawa, 'yan siyasarsu na ta cacar baki a kai, aka faɗi wani adadi mai sifiri rututu. Can wajen ƙarshe mai rahoton ya ce masu zuwa aikin gona na 'yan watanni ba sa cikin wannan lissafi. Na ce to su ba mutane ba ne? Wani abokinmu da ke aiki da wata ƙungiya ya ce ai haka ƙa'idar take a ko'ina, sai ka shekara cur a ƙasar wasu kafin a rubuta ka cikin masu ƙaura. Daga nan zance ya bar Ingila ya dawo gidanmu.

Ni tela ne, shagona yana Sabon Gari, amma asalinmu wani ƙauye ne gabas da Mirya. Ƙanena mai bi mani manomi ne. Kowace shekara da an yanke hatsi an ɗaure an zuba a rumbu, sai ya ɗauki 'yar jakarsa da bargo ya hau motar Agadas, daga can Dirku, daga can Gatrun, sai Sabha. Gonar wani Balarabe yake yi wa ban-ruwa, albasa da tumatir da ciyawar dabbobi. Da ya ji labarin hadari ya fara haɗuwa a gida sai ya juyo, don shuka ba ta jiran kowa. Rani tara ke nan ya ci a can. Na zauna na buga lissafi da alli a kan teburin yanka: wata 7 sau 9, wata 63, shekara biyar da wata uku ke nan. Larabcin Libiya ya zauna a bakinsa, har in ransa ya ɓaci da shi yake faɗa. Kwanon da aka rufa ɗakin innarmu daga Sabha kuɗinsa ya fito, haka sadakin matarsa, haka shanun huɗa guda biyu.

Akwai kuma ɗan kawunmu. Shi sau ɗaya ya taɓa fita, Abijan ya je da niyyar wata biyar. Ciwo ya kwantar da shi, guzuri ya ƙare, sai da ya yi wata 14 sannan dangi suka yi karo-karo aka dawo da shi. Tun daga nan ko Maraɗi bai sake takawa ba. To abokin nan namu ya kafe a kan cewa a littafin masu ƙididdiga ɗan kawu ne ya yi ƙaura ta dogon lokaci, ƙanena kuwa ko sau ɗaya bai yi ba. Na ce masa wannan lissafin dokin Rano ne. Ya ce in je in tambayi waɗanda suka sani.

Kuma fa ba ƙanena kaɗai ba ne. A gidan babanmu, in ka cire ni, majiya ƙarfi tara ne. Je ka a watan Janairu, biyu za ka tarar, ɗaya don shi ke kula da shanu, ɗaya don amarya ya yi bana. Biyu suna Kano, ɗaya da teburin shayi, ɗaya yana tura kurar ruwa. Biyu suna Legas, yankan farce da gadi. Ɗaya yana wajen haƙar zinariya a arewa, ɗaya yana leburanci a Tamanrasat, sai na Sabha. Na Kano in ka ce musu ƙasar waje suka tafi dariya za su yi maka. Kano wajen kilomita 240 ce daga nan, Yamai kuwa ta kusa 900. Ka yi asuba a Damagaram ka yi azahar a Kantin Kwari, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Kakanninmu sun yi wannan tafiya tun Nasara bai ja layi ba. Sunan ma ai ya faɗi manufar, a je a ci rani a wani wuri, a rage wa rumbu baki har ruwa ya sauka. Ko mutum bai aiko da ko dala ba, hatsin da bai ci a gida ba riba ce.

To masana, shin da gaske ne maganar shekara guda? Idan gaske ce, mutanen nan bakwai na gidanmu a ina suke fitowa a lissafin gwamnati, namu ko na ƙasashen da suke zuwa? Ko dai kamar iska suke, a ji motsinsu a ga aikinsu amma babu su a takarda?

Da don gardamar fada ce kawai da ban dame ku ba. Akwai wani mutum da ya samu ƙanena a tasha, ya nuna masa wata takarda a waya da tambarin Italiya. Ya ce gwamnatin can ta buɗe ƙofa ga ma'aikata sama da 400,000, har da 'yan Nijar, aikin gona na 'yan watanni da biza ta halal, jirgi za a hau ba kwale-kwale ba. Ya ce a kawo miliyan biyu na sefa, rabi yanzu rabi in biza ta fito. Yaron nan ya fara maganar sayar da shanun huɗa da jinginar da gonar fadama. Ni adadin ne ya ruɗa ni, don na ji shi a rediyo ni ma, ba mutumin ne ya ƙirƙira ba. In har mutum 400,000 ake nema, me zai hana ƙanena ya zama ɗaya daga ciki?

Mushe na Garin Malam:

Wa alaikumus salam, Malam tela. Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin zance dai ya ba ka.

Ma'aunin na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, a 1998 aka tsayar da shi. Wanda ya bar ƙasar da ya saba zama ya koma wata na aƙalla wata 12, shi ne mai ƙaura ta dogon lokaci. Wanda ya yi daga wata 3 zuwa ƙasa da 12, na gajeren lokaci ne, nan ƙanenka ya faɗa. Mai zuwa hajji ko jinya ko ziyarar dangi ba ya ciki. Ba don an raina ɗan ci-rani aka yi haka ba. Masu wannan lissafi yawan mazauna ƙasa suke nema, don a san aji nawa za a gina, gadon asibiti nawa za a sa, kuma dole kowane mutum ya zama mazaunin ƙasa ɗaya tak, in ba haka ba a ƙirga shi sau biyu. Ƙanenka gonarsa na nan, iyalinsa na nan, don haka namu ne. Sannan ma'aunin ba ya tara watanni yadda ka tara da alli. Kowace tafiya ita kaɗai ake dubawa. Ko rani 30 ya ci, muddin yana dawowa shuka, bai ƙaura ba.

Na Ingila kuma ana ƙirga su sarai, littafinsu ne daban. Bizar aikin gona a can ta wata 6 ce. A 2023 da 2024 an ƙayyade guraba 45,000 a shekara don gonaki da lambuna, da wasu 2,000 don aikin kaji gab da Kirsimeti. Kowa da sunansa da kamfanin da ya ɗauko shi, ma'aikatar cikin gida tana fitar da adadin. Wannan ma shi ne mai sauƙin. Babban adadin da ake rigima a kansa shi ne mai wuyar samu, don ranar da mutum ya sauka babu wanda ya san ko zai shekara, shi kansa ma wani lokaci bai sani ba, kamar ɗan kawunku. Hukumar ƙididdigarsu ta fara cewa a shekarar da ta ƙare a watan Yuni na 2023, in an cire masu fita daga masu shiga, ragowar mutum 672,000 ne. Bayan shekara guda ta dawo ta ce a'a, 906,000 ne. Tsibiri ne fa, da kwamfuta a kowace ƙofa, amma gyaran ya haura 230,000. To ka kwatanta da iyakarmu da Najeriya, wajen kilomita 1,500, wani wurin ma gonar mutum ɗaya ce ta ratsa.

Ni na yi aikin ƙidayar jama'a ta 2012, a wasu ƙauyuka na wajen Dungas aka tura ni. A watan Disamba aka yi ta, lokacin maza sun riga sun watse. An koya mana cewa wanda bai kai wata 6 da barin gida ba a rubuta shi mazauni amma ba ya nan. A allo abin ya yi kyau. Da ka shiga gida kuwa wa za ka tambaya? Tsohuwa ko amarya. Yaushe ya tafi? Bayan kaka. Ina ya tafi? Kudu, ko ta ce ya tafi biɗa. Kudun nan tana iya zama Maigatari, tana iya zama Fatakwal. Wata ta ɓoye 'ya'yanta maza don a zatonta lissafin lanho ake yi, wata kuma ta ƙara maka wanda ya shekara goma a Saudiyya don tana zaton rabon abinci zai biyo baya. Gidan da suka tashi gaba ɗaya, ƙofa a tare da ƙaya, babu ma mai faɗin su. Da haka aka samu miliyan 17 da 'yan kai a ƙasa baki ɗaya, jihar Damagaram miliyan 3 da rabi, ita ce kan gaba. Ban raina aikinmu ba, mun sha rana a kansa, kuma da shi INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, take gina ƙiyasinta. Amma hoto ne na 'yan kwanaki, kuma ba don auna ci-rani aka ɗauke shi ba.

Akwai wani bambanci da mutumin Damagaram ba zai sha wuyar ganewa ba. Lissafin ruwan da ke cikin randa yanzu daban, lissafin jarkokin da 'yan ga-ruwa suka shigo da su cikin shekara daban. In ka ji an ce a 2020 baƙi miliyan 281 ne a duniya, na randa ne, duk wanda ke zaune a ƙasar da ba a nan aka haife shi ba, ko da a goye aka kai shi. In ka ji an ce a 2023 mutum miliyan 6.5 suka koma ƙasashen OCDE, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, da zama, na jarka ne. Masu karanta labarai sukan cakuɗa su, mu kuma mu kwasa mu kai fada.

Inda ƙanenka zai iya ɓullowa shi ne ƙiyasin da OIM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take yi a cikin Libiya, gari-gari ana tambayar waɗanda suka san wurin baƙi nawa ke zaune. Shekaru da dama 'yan Nijar ne kan gaba a can, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na baƙi kusan 700,000 a 2023, kafin yaƙin Sudan ya koro mutanenta su zarce mu. Ƙiyasi ne dai, ba suna ake rubutawa ba. Na Kano da Legas kuwa ka manta da su. Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba da kwana 90 ba biza, kuma ban taɓa jin mai shayin da ya je ya sabunta zamansa ranar ta 91 ba.

Maganar Italiya na bar wa waɗanda suke can.

Direban Magarya:

Mushe, Allah ya ƙara basira. Ni boko ban yi nisa ba, abin da ido ya gani zan ƙara.

Shekara 16 ina jan mota tsakanin Damagaram da Magarya, wani lokaci Matamaye zuwa Ɗan Barto. Tun wajen 2018 yaran OIM suke tsayawa a tasha da wayoyinsu. Mota ta cika su zo su tambaya mutum nawa, maza nawa mata nawa, ina aka nufa. Yara ne masu ladabi, ba ruwansu da aljihun kowa. Amma wucewa suke ƙirgawa, ba mutane ba. Akwai wata Hajiya mai sarin atamfa da robobi, duk mako sai na kai ta na dawo da ita. Kafin shekara ta zagayo ita kaɗai ta zama mutum ɗari a littafinsu. Ɗan kabu-kabu da ke bin ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki kuwa ba ya biyowa ta tasha balle a gan shi. Lokacin da Buhari ya rufe iyaka a 2019, a takarda hanya ta mutu, amma masu babura ba su taɓa ganin kuɗi irin na lokacin ba, wasu har aure suka ƙara.

Sannan wane ɗan ci-rani ne za ka tare a tasha ka ce ina za ka, ya faɗa maka gaskiya? Tun a gida an ja masa kunne ba a faɗin tafiya saboda baki. Nan kusa, shi ke nan amsar. Mai zuwa Babban Mutum nan kusa, mai zuwa Legas ma nan kusa.

Mushe na Garin Malam:

Direba ya sosa inda ke ƙaiƙayi. A 2016 OIM ta ƙirga sama da 300,000 da suka fita ta Segedin da Arlit, a 2017 adadin ya faɗo wajen 70,000. A tsakaninsu ne aka fara aiki da dokar nan ta 2015-36 mai hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Turai ta yi ta murna da adadin. Tafiya ta ragu, babu musu, amma wani kaso kaucewa kawai ya yi daga shingaye da rijiyoyin da aka sani, ya bi inda babu mai ƙirga, kuma can ne ƙishirwa take kashe mutane. An soke dokar a Nuwamba 2023, motoci suka dawo babbar hanya a fili.

Ɗan Zango a Italiya:

Yaya tela, don Allah kada a sayar da shanun nan. Shekarata takwas a ƙasar nan, na fara da tsinkar tumatir a wajen Foja, yanzu ina wani kamfanin ƙarfe a arewa. Irin takardar da aka nuna wa ƙanenka na ga ta fi a ƙirga.

Adadin gaskiya ne, shi ya sa tarkon yake kamawa. Gwamnati ta fitar da tsarin shekara uku, 2023 zuwa 2025, guraba 452,000, fiye da rabinsu na aikin lokaci ne, gona da otal-otal. Nijar ma tana cikin jerin ƙasashen da aka yarda a ɗauko ma'aikata daga cikinsu, wannan ma gaskiya ne. Amma 452,000 ɗin nan rufi ne, iyakar da ba za a wuce ba. Ba yawan waɗanda suka zo ba ne, ba kuma layi ba ne da mutum zai shiga daga Damagaram a kira sunansa.

Ga yadda abin yake. Ma'aikaci ba ya nema da kansa. Mai gona ne zai shigar da buƙata ta intanet da sunanka da lambar fasfonka, a wata rana da aka tsayar, kuma cikin 'yan mintoci buƙatu sun ninka guraben. In ya dace a ba shi takardar izini, nulla osta suke ce mata. Da ita za ka nemi biza. In ka sauka kana da 'yan kwanaki ku sa hannu a kan kwangilar zama kai da shi, sannan ka nemi katin zama, wanda ba ya wuce wata 9. A kowane mataki mutane zubewa suke kamar gero a buhu mai huda. Guraben da aka sanar daban, izinin da aka bayar ƙasa da haka, bizar ƙasa da haka, waɗanda suka kai ga katin zama kuwa 'yan kaɗan ne. Rediyo na farkon kawai take faɗa, don shi ne mai daɗin ji.

Izinin nan ba kayan sayarwa ba ne a doka. Abin da dillalai suke yi, su samu wani ya buɗe gona ta takarda, ya nemi ma'aikata hamsin alhali ko akuya ba ya da ita. Wani lokaci biza ta fito da gaske, yaro ya hau jirgi da gaske, ya sauka ya kira lamba ya ji ta a kashe. Babu mai sa hannu, babu katin zama, ga bashin miliyoyi a gida. Daga nan sai bukkokin leda na bayan gonaki, inda 'yan kamasho suke kwasar mutane da asuba su yanke kuɗin mota da na ruwan sha daga ladan yini. Na kwana a cikinsu damina biyu, na san abin da nake faɗa. Abin ya yi ƙamari har Firaminista Giorgia Meloni da kanta ta kai ƙara gaban mai gabatar da ƙara na yaƙi da mafiya a watan Yuni na 2024, don an ga wasu yankuna suna neman ma'aikata fiye da ƙarfin gonakinsu nesa ba kusa ba.

Kuma ka ga abin dariya, Mushe. Wanda ya zo da bizar wata 9 ya maƙale ya shekara biyar ba takarda, a littafi ɗan aikin lokaci ne da ya kamata a ce ya koma tuntuni.

Ka ce wa mutumin ya ba ku sunan mai gonar da garin da take, da lambar buƙatar. Ka turo mani in bincika a nan. In ya fara kame-kame kun samu amsa.

Inna ta Matamaye:

Sannunku da ƙoƙari, amma tun ɗazu maza kuke lissafawa.

Ni a ƙasar Kance na tashi, ina cikin ƙungiyar mata ta adashe da sana'a. A wajenmu masu tafiya Aljeriya mata ne da yara, kuma duniya ba ta san da su ba sai a watan Oktoba na 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu mata ne da ƙananan yara, akasarinsu kuma namu ne. Akwai ƙauyen da aka yi zaman makoki gida-gida. Ranar ce aka fara ƙirga mu.

Tun ƙarshen 2014 ake kwaso mutane daga Aljeriya cikin manyan motoci, ta Asamaka zuwa Agadas, sannan a kawo su nan. A wajen dawowar ake rubuta suna da ƙauye. Wajen tafiya babu mai rubutawa, don da dare ake fita kuma ba a sallama. Na san wadda aka dawo da ita sau uku, sau uku kuma ta shiga lissafi. In an tashi ba da rahoto sai a ce mabarata kaza aka maido. Akwai masu bara, ban ɓoye ba, kuma kai yara wannan hanya ba abin da zan kare ba ne. Amma akwai masu wanki da shara da aikatau a gidajen Larabawa, su ba a taɓa kiran su ma'aikata. Gonakinmu sun tsuke, gado ya rarraba su har wani abin da zai noma ba ya kai shi wata uku. Mace tana ganin maƙwabciyarta ta dawo ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, me kuke zaton za ta yi?

Malam tela, ka ce majiya ƙarfi biyu ake bari a gidanku. To wa ke ɗebo ruwa, wa ke neman itace, wa ke sussuka da daka, wa ke kai yaro asibiti, wa ke cin bashin hatsi kafin aike ya iso? Matar ƙanenka ita ma rani tara ta ci, a tsakar gida. Ka sa ta a lissafin allinka.

Ɗan Tudun Jamus:

Inna, na karɓi gyara. Kuma gaskiyarki, ko da nake buga lissafin ban tuna da ita ba, alhali bara da ƙaramin ɗansu ya yi ƙyanda ita kaɗai ta kawo shi gari a amalanke, uban yana can bai ma ji ba sai da yaron ya warke.

Na gode muku duka. Ƙanena ya shigo gari jiya, na zaunar da shi a shago na karanta masa saƙon Ɗan Zango tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Da farko ya ce ai kowa da rabonsa, kuma wanda ya riga ya haye shi ke cewa kogi da zurfi. Na ce to mu kira mutumin. Na tambaye shi sunan mai gonar da garin. Ya ce sirrin aiki ne. Na ce lambar buƙatar fa? Ya ce tana wajen babbansu a Yamai. Kafin mu ajiye waya ya sauko daga miliyan biyu zuwa ɗaya da rabi, wai don ya ga mu mutanen kirki ne. Wannan ragin ne ya gama da ƙanena, ba maganata ba. Ya ce ko a kasuwar dabbobi in mai sa ya yi saurin sallamawa, bakin san ake buɗewa a duba. Shanu dai suna nan. Sabha kuma za ya koma, ya ce Balaraben ya riga ya kira shi sau biyu, mako mai zuwa zai hau motar Agadas. Rani na goma.

Ɗan Zango, duk da haka zan turo maka hoton takardar, don na ji an ce akwai yara biyu na ƙauyen gaba da mu da suka riga suka ba da rabin kuɗin.

Abokina na fada kuma na faɗa masa ya ci rabin gardama, shi zai sayi sukari ni in sayi ganyen shayi.

Mushe, maganar randa da jarka ta zauna mani. Na buɗe shafi a bayan littafin da nake rubuta awon mutane, na ja layi huɗu: suna, ranar tafiya, inda aka nufa da gaske, ranar dawowa. Gidanmu zan fara da shi, in ya yiwu in haɗa da unguwar. Sai dai tun a layin farko na cije. Akwai baffanmu, ƙanen babanmu, da ya tafi cin rani Kano shekarar El-Buhari, 1984, lokacin yunwa. Yana Kurna yanzu, da mata biyu da jikoki, 'ya'yansa ko sefa ba su iya ƙirgawa ba. Amma gonarsa na nan, ya hana a raba ya hana a sayar, duk shekara yana aiko da kuɗin iri, kuma in ka je gaishe shi sai ya ce maka da ruwa ya sauka yana nan tafe. Layin ranar dawowa me zan rubuta masa?